Ƙusa Uku a Bangon Gabas

Ogoja, 24 ga Yuni

Zuwa ga Kawu Yahuza, mai injin niƙa a Ikara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi, Kawu, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali duka. Yaya damina, yaya inji, yaya kunnen nan naka? Ni na iso lafiya ranar Alhamis, bayan kwana biyu a hanya. Makarantar da aka turo ni bautar ƙasa tana nan yadda na bar ta, ina koyar da lissafi a aji uku. Ban da sauro ba abin da ke damuna a nan.

Damuwata tana Paki. Na so in gaya maka ta waya, amma ka san yadda muke ƙarewa: ni a kan tudu ina neman sabis ina ihu, kai a cikin ƙarar inji kana cewa "na'am?" Shi ya sa na ba Ikrima direba wannan, tunda motarsa na kawo barkono nan kusan duk kwana goma.

Da na je gaida kakata Inna Talatu da Babbar Sallah na ga tsaga a ɗakinta, a kusurwar da bangon gabas ya haɗu da na arewa. Na auna. A sama, kusa da azara, ɗan yatsana yana shiga har gaɓa ta biyu. A ƙasa kuwa siririya ce kamar zare. Gadonta yana jingine da bangon nan, a nan take salla, a nan take wuni. Kuma ka fi ni sanin cewa ruwan gabas shi ke cin bango, ga rufin ƙasa mai nauyi a kansa. Da na nuna mata sai ta yi dariya ta ce, "Angona, tsagar nan ta girme ka. Ka je ka auna allonka." Na yi dariya don kada ranta ya ɓaci, amma tun daga ranar abinci ba ya yi mini daɗi.

Ba ni da wanda zan kai wa kukana sai kai. Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, 'ya'yanta ba wanda ya rage, kai ne ɗan ƙanin mijinta da ke kusa. Kuma mahaifinka, marigayi Malam Awwalu magini, shi ya ɗaga ɗakin da hannunsa.

Ni ba injiniya ba ne, lissafi na karanta, don haka abin da na sani kawai zan faɗa. Fuskar bango mai lafiya shimfiɗa ce, wato ba tudu ba kwari, kamar fuskar allo. A lissafi ɗigo uku sun isa su tsayar da shimfiɗa. Saboda haka ina roƙonka, ran da ka je Paki, ka kafa ƙusa uku a bangon gabas daga cikin ɗaki, nesa da juna, kowace ka bar kanta a waje yatsu biyu daidai. Ka ja zare a kawunansu. Sai ka tsaya a gefe, ka rufe ido ɗaya, ka duba. In ɗaya ta kauce wa 'yan'uwanta, ta shige ko ta fito, to bangon ya motsa, a fitar da Inna.

Don Allah, Kawu, kada ya wuce wannan makon. Ka gaishe mini da ita.

Ɗanka,
Zakiyyu

Ikara, 3 ga Yuli

Zakiyyu ɗana,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo, muna lafiya, mutan gida suna gaishe ka. Kunne yana nan yadda ka sani, na dama yana aiki, na hagu ya yi ritaya. Ruwa alhamdulillahi, masara ta kai gwiwa.

Na rufe inji ranar Litinin na hau babur na je Paki saboda kai. Ka sani na bar mata shida da kwanukan ƙullu suna zagina.

Kakarka ta tarbe ni da faɗa tun daga zaure. Da ta ga guduma ta ce, "Yahuza, kai ma bokon ya kama ka? Miji ya tafi kudu ya bar ni ba cefane, sai ƙusa ya aiko mini?" Na ce umurnin mai digiri ne. Ta ce to a kafa su inda hannunta zai kai, ta samu wurin rataya.

Na yi yadda ka ce. Ƙusa uku sababbi, na jera su daidai ƙirjina daga wannan kusurwa zuwa waccan, yadda Baba ke jan igiya in yana gini. Kowace yatsu biyu a waje. Na ja zare, na tsaya a gefe, na rufe ido ɗaya, har na canza ido. Ɗana, kamar an harba kibiya. Ba wadda ta shige, ba wadda ta fito. Na ce maka aikin Malam Awwalu ba wasa ba ne. Tsagar kuwa na kwaɓa ƙasa na cike ta.

Kafin in fito har ta rataya carbi a ta farko, mayafi a ta biyu, ta ukun ta ce ta ajiye wa hularka. Ta ce in gaya maka ka ci abinci, wai ka zo da Sallah kamar karan dawa.

Ka kwantar da hankalinka. Tun kana yaro haka kake, ko kaza ta yi tari sai ka tambayi dalili.

Kawunka,
Yahuza

Ogoja, 8 ga Yuli

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ikrima yana sauri zai juya, a tsaye nake rubuta wannan a jikin motarsa.

Alhamdulillahi. Na karanta takardarka na yi sujada. Tunda ƙusa ukun ba wadda ta kauce, bangon yana tsaye daidai, ɗakin lafiya lau yake. Inna ta zauna abinta, ba sai ta tashi ba. Ka karanta mata wannan don ta daina yi mini dariya, ka ce mata angonta ya auna, lissafi ya wanke ɗakinta.

Allah ya saka maka da alheri, ka ba matan ƙullu haƙuri a madadina.

Zakiyyu

Ogoja, 16 ga Yuli

Kawu Yahuza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, ina fata kuna lafiya. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Takardar da na aiko ranar 8 ga wata kuskure ce. Kada a yi aiki da ita. Ban san ko bangon yana tsaye ba, kai ma ba ka sani ba, domin awon da muka yi bai auna komai ba. Laifin nawa ne.

Yau da hantsi ina koyar da darasin nan a aji. Na rubuta a allo cewa ɗigo uku suna tsayar da shimfiɗa ɗaya tak, sai na ƙara sharaɗin da ke biye, wanda na haddace tun ajin farko na jami'a: muddin ba a kan layi ɗaya suke ba. Don ɗalibai su gane, na je na kama ƙyauren ajin na ce su ƙirga ƙarafan da suka riƙe shi a jikin katako. Uku ne, a jere, ɗaya bisa ɗaya. Na tura ƙyauren ya buɗe, na jawo shi ya rufe, na ce, "Kun gani? Uku ne, amma tunda a layi ɗaya suke, ba su hana shi juyawa ba. Ko ina ya juya, su suna nan a jere." Ina rufe baki sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Ban ƙarasa darasin ba. Na ruga ɗaki na ciro takardarka.

Ga abin da ka rubuta: "na jera su daidai ƙirjina daga wannan kusurwa zuwa waccan." Ka faɗa mini ƙarara. Idona ya tsallake wannan layin ya tafi wurin kibiya, don ita nake son ji. Ni a kaina biyu nake gani a ƙasa, ɗaya can sama kusa da azara, amma ban rubuta haka ba. Na duba abin da na kwafa a littafina, "nesa da juna" kawai na ce. Kai ka yi aiki irin na ɗan magini, ni ne na bar rabin magana.

Kawu, layi ɗaya ba ya tsayar da bango. Bangon zai iya sunkuyawa waje gaba ɗayansa, kai da ƙafa tare, ƙusoshin nan suna nan a jere kamar ba abin da ya faru. Layi yana bukatar ɗigo a wajensa, ko wani layin da ya gitta shi, ko wani da ke tafiya kusa da shi ba su haɗuwa. Sai a sannan shimfiɗa ke tsayawa wuri ɗaya. Kuma tsagar da ta buɗe a sama ta tsuke a ƙasa, ai irin buɗewar ƙyaure ke nan. Na auna ta da yatsana, amma ban yi tunani ba.

Ga abin da za a yi, na rubuta shi sau uku kafin in kwafa:

Na ɗaya, daga waje za a auna. A hau tsani, amma kada a jingina shi da bangon gabas, a jingina da na arewa ko na kudu.

Na biyu, a ɗaura dutse a zare mai tsawo, a riƙe zaren a bakin bangon na can sama, a saki dutsen ya sauko har kusa da ƙasa. Zaren da dutse ya ja ba ya ƙarya, a tsaye yake cak.

Na uku, a yi haka a wuri biyu, kusa da kusurwar arewa da kusa da ta kudu. Zaren nan biyu su ne za su nuna inda bango mai lafiya ya kamata ya tsaya.

Na huɗu, a auna tazarar da ke tsakanin dutsen da gindin bango. In ta kai yatsu huɗu, a fitar da Inna a ranar, ko tana so ko ba ta so. In ba ta kai ba, muna da sauran lokaci zuwa kaka. Na ɗauka kaurin bangon kamu ɗaya ne, na lissafa, na kuma rage rabi don tsoro.

Na kira ka sau goma sha ɗaya yau. Sau ɗaya ka ɗauka, ka ce "lafiya lau, lafiya lau," ka kashe. Ikrima sai jibi zai iso. Ban san yadda zan yi da kwana biyun nan ba.

Don girman Allah, ran da wannan ta same ka, ka rufe inji.

Zakiyyu

Ogoja, 30 ga Yuli

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ban san ko kuna lafiya ba, shi ya sa ba na iya cewa komai a kai.

Yau kwana goma sha biyu da na danƙa wa Ikrima takardata. Bai dawo ba. Wayarsa ba ta shiga, taka kuma tun ranar 19 a kashe take. Wannan zan ba wani direban tumatir da ya ce zai bi ta Makarfi, ban san shi ba, ban san ko za ta iso ba.

Na kira abokina Mu'awiyya da ke Makarfi na roƙe shi ya je Paki da saƙon baki. Ya je ranar Juma'a. Ya ce ya sami Inna a kan gado, ta jingina bayanta da bangon nan tana gyaran wake. Da ya ce ni na aiko shi a kan ta tashi daga ɗakin, sai ta ɗaga matashi ta ciro takardata ta ranar 8. A ƙarƙashin kanta take ajiye ta, Kawu. Ta ce, "Ga hannun mijina a rubuce, ya ce ɗaki lafiya. Kai kuma da baki ka zo. Baki da takarda wa ya girmi wani?" Ta ba shi fura ya sha, ta sallame shi. Ya biyo ta Ikara bai same ka ba, aka ce ka tafi Zariya neman kayan inji. Shi kuma ba zai iya hawa bangon gidan da ba nasu ba.

Ka ga abin da na yi. Da ban rubuta komai ba, da wataƙila tsoro ya fitar da ita. Ni na ba ta abin da take kare kanta da shi.

Mu'awiyya ya ce an kwana uku ana ruwa a can ba ƙaƙƙautawa, kuma a hanyar Kudan ya ga gidajen ƙasa biyu a kwance. Na tambaye shi wane bango ne ya fara faɗuwa, ya ce bai duba ba. Nan ma ruwa ake yi. Duk lokacin da ya buga kwanon ɗakina sai in ga azara. Jiya ina gyaran takardun jarrabawa na haɗa bakwai da takwas na rubuta goma sha uku.

Kuma yatsu huɗun nan ma ban yarda da su ba. Ban taɓa auna kaurin bangon ba, ɗauka na yi. Ka manta da lissafina, ka fitar da ita kawai.

Na nemi izinin tafiya, sun ce sai bayan an tantance mu a farkon wata. In ban ji daga gare ka ba zuwa ranar 8, zan taho ko da izini ko babu.

Zakiyyu

Ikara, 4 ga Agusta

Zakiyyu ɗana,

Wa alaikumus salam. Kafin gaisuwa, tunda na san halinka: kakarka tana da rai, tana lafiya, tana gidana, yanzu haka tana tsakar gida tana koya wa matata yadda ake tankaɗe. To yanzu ka zauna. Muna gaishe ka, kowa lafiya.

Takardarka mai lamba ɗaya zuwa huɗu sai ranar 28 ta zo hannuna. Motar Ikrima ce ta lalace a hanya, ya kwana tara yana jiran gyara. Wayata kuwa ta faɗa cikin ƙullu, ta riga mu gidan gaskiya. Ta direban tumatir jiya ta iso, bayan komai ya wuce.

Na karanta a bakin inji, na kashe shi da ƙullun mutane a ciki. Da na isa Paki na ce wa kakarka ga sabuwar takarda, ta soke tsohuwa. Ta ce, "Miji ɗaya, baki biyu? Wacce zan bi?" Na zauna ina yi mata bayanin ƙyaure da ƙarafansa, ni kaina ina tuntuɓe a ciki. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Tsaya. Ƙusoshin nan da ka jera, da su aka ce a gane ko bango ya zauna?" Na ce e. Ta ce, "Yahuza, kai da mai digirin, a cikinku ba wanda ya taɓa ɗora tukunya? Wace mace ce za ta jera duwatsun murhu uku a layi ta ce ta girka? Ai sai ɗaya ya koma gefe tukunya ke zama." Ta ce, "Je ka rataya dutsen naka mu gani."

Na ari tsani, na jingina inda ka ce. Na saki dutse a kusurwar kudu, yatsu biyu. Na saki a ta arewa, wajen tsagar, yatsu uku. Ƙasar da na cike tsagar da ita kuwa ta zube, har hannuna yana shiga.

Uku ba ta kai huɗu ba. A lissafinka muna da sauran lokaci, har na fara naɗe zaren, na ce alhamdulillahi. Sai na tsaya ina kallon dutsen yana lilo a iska bai taɓa komai ba, raina ya ƙi kwanciya. Na tuna ina yaro ina miƙa wa Baba tubali a wannan bangon. Ɗana, kai ginin bulo ka sani, mai kauri ɗaya daga ƙasa har sama. Ginin ƙasa ba haka yake ba. Baba yana fara shi da faɗi a gindi, yana hawa yana tsukewa. Cewa yake bango mutum ne a zaune, gindi ya fi kai. A wannan bangon gindin ya fi saman fitowa da tafin hannu da rabi, ni shaida ne. Ka ga in yana nan yadda aka gina shi, zaren da ka saki daga sama ba zai ma sauka ba, kwanciya zai yi a jikin bango tun daga rabi. Na je na gwada a bangon yamma don in tabbata, zaren ya kwanta luf. A na gabas kuwa ya wuce gindi har da rarar yatsu uku. Ka haɗa da tafin hannu da rabi, kai ne mai lissafi. Ni dai na san ya wuce yatsu huɗu nesa ba kusa ba.

Na sauko na kira ta, na ce ta zo ta gani da idonta. Ta fito da sandarta, ta dubi na yamma, ta zagayo ta dubi na gabas. Ta sa sandar ta taɓa dutsen, ya tafi ya dawo. Sai ta ce a hankali, "Awwalu bai gina shi haka ba." Daga nan ba ta ƙara gardama ba. Abu ɗaya ta roƙa, a bar ta ta yi azahar a ciki. Na tsaya a bakin ƙofa idona a kan azara har ta sallame, ban taɓa jin raka'a huɗu masu tsawo irin waɗannan ba.

Maƙwabta suka taya ni muka fitar da akwati, da kwanuka, da buhun gero. Gadon ƙarfen ya ƙi fita ta ƙofa sai an kwance shi, na ce a bar shi, ba wanda zai ƙara minti goma a ƙarƙashin rufin nan. Na sa aka tare bayan ɗakin da ƙaya saboda awaki da masu wucewa. Na ɗauko ta a mota zuwa Ikara, tana faɗa wai an fitar da ita gidan miji ba ko guɗa.

Ranar Alhamis, kwana huɗu bayan nan, aka yi ruwa da iska bayan la'asar. Maƙwabta suka ce ba su ji wata babbar ƙara ba, kamar dai an sauke buhu daga mota. Bangon ya kwanta waje, rufin ya sauko ciki. Na je washegari. Gadon yana ƙarƙashin ƙasa da azara, ƙafa ɗaya kawai ake gani, ta lanƙwashe. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

Da na gaya mata sai ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce in mayar maka da takardarka ta ranar 8, ga ta nan a ciki. Ta ce ka ajiye, ran da ka fara jin kai malami ne ka ciro ka karanta. Ta ce kuma ba ta yi fushi ba, miji mai tsoro ya fi miji mai barci. Kada ka taho ba izini su ƙara maka wata. In ruwa ya ɗauke za mu tayar mata da wani, ka zo da lissafinka, ni in zo da abin da na tuna na Baba.

Kada ka ce laifinka ne kai kaɗai. Kai ka bar rabin magana, ni kuma ɗan magini ne na cike tsaga da ƙasa na tafi gida ina yabon ubana.

Abu ɗaya na gani da nake so ka sani. Tsakiyar bangon bai farfashe ba, ya kwanta ne guda, fuskar cikin ɗaki tana kallon sama. Ƙusoshinmu uku suna nan a jiki, har da zaren. Na durƙusa a gefe cikin laka, na rufe ido ɗaya, na duba yadda ka koya mini.

Zakiyyu, har yanzu ba wadda ta kauce.

Kawunka,
Yahuza